Shekara guda ina shan maganin basir, ƙarfina bai dawo ba. Me ke jawo raunin mazakuta?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba. Yau larura ce ta sa na buɗe sabon suna, domin maganar da zan yi ko aminina da muke cin abinci kwano ɗaya na kasa faɗa masa.

Shekarata 46. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, mata biyu gare ni da 'ya'ya tara. Kusan shekara biyu ke nan da na fara ganin canji a jikina wajen kwanciyar iyali. Ba dare ɗaya abin ya zo ba. Da fari gaban yana miƙewa, amma ba da ƙarfin da na saba ba, sai na ce gajiya ce, don lokacin ana tsakiyar kasuwar Sallah. Sallah ta wuce, abu bai wuce ba. Daga baya sai ya zama ana tsaka da abu ya kwanta. Yanzu a kwana goma da ƙyar nake samun dare ɗaya da zan ce na sauke haƙƙin iyalina. Sha'awa tana nan yadda take, zuciya na so, jiki ne ba ya amsawa. Kuma da can in na farka da asuba nakan tarar da shi a miƙe, yanzu na manta rabona da ganin haka.

Bari in faɗi yadda nake rayuwa, ko wani zai hango abin da ban hango ba. Ƙarfe tara na safe ina shago, kuma in na zauna a kan kujerar nan ba na tashi sai sallah, yaro ne ke hawa sama ya sauko da kaya. Da safe shayi mai kauri da suga cokali huɗu da biredi. Da rana shinkafa ko taliya daga wajen mai abinci, sannan lemon kwalba biyu, in ana zafi uku. Da dare tuwo, in an samu tsire a ɗora. Telan da ya shekara goma sha yana min ɗinki, bara ya ce sai dai ya sake min awo, tsohon awon ba ya rufe tumbi. Ina shan sigari tun ina ɗan shekara 19, kara shida zuwa takwas a rana, a bayan shago.

Shekara uku da suka wuce ciwon kai ya dame ni, wani ɗan kemis a unguwarmu ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya haɗa min ƙwaya biyu, ɗaya an rubuta atenolol a jikin katin, ɗayar kuma mai sa fitsari ce. Tun daga lokacin in sun ƙare in sake saye, ban taɓa zuwa gaban likita a kan maganar ba. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa yana da shekara 61.

Abin da na yi a kan matsalar kuwa: akwai wani mai magani da ke ajiye mota da lasifika a bakin hanya, na faki ido na same shi bayan magariba. Ban gama bayani ba ya ce basir ne ya sauka ya kashe min jijiya. Na sha jarka ta fi goma, ɗaci kamar maɗaci, ban da gudawa babu abin da na samu. Sai wani ya ba ni wata zuma a ɗan ƙaramin leda mai walƙiya, ya ce daga waje ake kawo ta, zallar itatuwa ce. Ita kam ta yi aiki a daren, amma kaina ya yi kamar zai tsage, fuskata ta ɗau zafi, hanci ya toshe, ƙirjina na dukan uku-uku, har ƙwan fitilar ɗakin na riƙa ganin sa shuɗi-shuɗi. Sau uku na sha na tsorata na bari.

Gida kuma ya fara ɗaukar zafi. Amarya gani take a ɗakin uwargida nake ƙarar da ƙarfina, uwargida kuma ta fara zargin an yi min wani abu, har ta kai maganar wajen goggota, ita kuma ta aiko min da rubutu da turare. Ni kuwa sai in zauna a majalisa har sha biyun dare don in tarar mai girki ta yi barci. Wallahi wannan ya fi komai ci min rai, domin ba su yi min laifin komai ba.

Ban sani ba ko yana da alaƙa, amma ƙishirwa ta yi min yawa, nakan tashi fitsari sau huɗu kafin asuba, kuma tafin ƙafata kan yi min kamar ana tsira allura in na kwanta.

Don Allah masu ilimi, mene ne yake jawo wannan? Basir ne da gaske? Sammu ne? Ko shekaru ne suka zo in haƙura?

Bazazzagi:

Wa alaikumus salam. Alhaji sannu, Allah ya yaye maka. Ni a nawa ganin mai maganin bai yi ƙarya ba, basir ne, sai dai ba ka dace da mai kyau ba. Mu tun muna yara muke ji iyaye na cewa zaƙi da yawan zama su ke kawo basir, shi kuma in ya yi ƙarfi ya taɓa mazakuta. Ka bar lemon kwalba da suga kwata-kwata, ka rage maiƙo. Ni da na bar zaƙi wata uku na ga canji a jikina sosai. Kuma kada ka yi wasa da azkar na safe da yamma, duniyar nan sai da tsari.

Ma'aikacin Jinya:

Alhaji, sannu da ƙoƙarin fitowa ka yi magana. Shekarata 17 ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin maza da kilinik ɗin masu ciwon suga, kuma labarinka na ji irinsa ba adadi, galibi a bakin ƙofa, bayan mutum ya fito daga wajen likita bai iya faɗa masa ba. Ni ba likita ba ne kuma ban duba ka ba, amma layi ukun da ka sa a ƙarshe kana cewa ba ka san ko suna da alaƙa ba, su suka fi tsaya min a rai.

Miƙewar gaba aikin jini ne. A cikin azzakari akwai wasu dogayen tsoka biyu masu kama da soso. In sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ta laka zuwa jijiyoyin wurin, sai a saki wani sinadari da ake kira naitirik oksaid, wanda ke sa hanyoyin jini su saki jiki su buɗe. Jini ya kwararo ya cika soson, cikar kuma ta danne ƙananan hanyoyin da jini ke komawa ta cikinsu, sai ya tsaya a ciki. To ka ga akwai buƙatar hankali kwance, da lafiyayyar jijiyar kai saƙo, da hanyar jini a buɗe, da sinadarin mazantaka da ake kira testosteron. Duk wanda ya samu matsala a cikinsu, aiki ya tsaya.

Ga inda nake so ka natsu. Jijiyar da ke kai jini azzakari faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya kuwa 3 zuwa 4. Kitse da hayaƙin sigari da hawan jini da suga duk bangon jijiya suke lalatawa, a ko'ina a jiki, lokaci guda. Ka san in datti ya fara taruwa a bututun ruwan gida, siririn tiyo ne ke fara toshewa kafin babban. Shi ya sa likitocin zuciya suke ɗaukar irin wannan rauni, mai zuwa a hankali, a matsayin gargaɗi: sau da yawa yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Kai kuma ga tarihin mahaifinka.

Ciwon suga shi ya fi yin ɓarna, domin ta fuska biyu yake ci. Yana lalata hanyoyin jini, yana kuma kashe jijiyoyin kai saƙo a hankali. Tsirar allurar da kake ji a tafin ƙafa alamar jijiyar da ta fara taɓuwa ce, kuma abin da ya taɓa ta ƙafa yana iya taɓa ta gaba. Kusan rabin maza masu suga suna fama da wannan matsala, kuma takan zo musu da wuri, shekara goma ko fiye kafin sa'o'insu. Ƙishirwa, fitsarin dare, tumbi, lemon kwalba uku a rana: ban ce kana da shi ba, amma kada mako ya fita ba ka yi gwaji ba.

Maganin hawan jinin naka ma abin dubawa ne. Atenolol da masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide an san su da rage ƙarfin namiji ga wasu mutane, kuma akwai wasu magungunan hawan jinin da ba su cika yin haka ba. Amma don Allah kada ka daina atenolol da kanka dare ɗaya, yanke shi farat ɗaya na iya tayar da bugun zuciya da jini fiye da da. Ka ɗauki katin ka kai wa likita ya canja maka. Ga sauran masu karatu, ba na hawan jini kaɗai ba: wasu magungunan damuwa da na taɓin hankali, da cimetidine na gyambon ciki, da finasteride da ake ba masu kumburin furostet (wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ko zubewar gashi, duk suna iya jawowa. Haka rauni a laka bayan haɗarin mota, da aikin tiyatar furostet, da ciwon ƙoda. Masu sikila kuma, in gaba ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya har awa huɗu, a tafi asibiti a daren, kunya a nan ita ke kashe shi gaba ɗaya.

Maganar basir, Malam Bazazzagi, da girmamawa nake cewa ba haka ba ne. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. In yana ciwo ko zubar da jini zai iya hana mutum sakewa, amma ba ya sauka ya kashe jijiyar gaba. Abin da ya haɗa su a bakin mutane shi ne duk biyun suna yawan kama mai yawan zama, mai ƙiba, wanda ya haura arba'in. Shawararka ta barin zaƙi kuwa daidai ce ɗari bisa ɗari, kuma ina kyautata zaton sauƙin da ka samu daga saukar suga da nauyi ne. Kai ma da za ka auna da ya yi kyau.

Zumar nan kuma, ciwon kai da zafin fuska da toshewar hanci da ganin shuɗi, duk alamomin sildenafil ne, sinadarin da ke cikin Viagra. Tun asali maganin ciwon ƙirji aka so a yi da shi, sai aka ga wannan amfanin nasa, Amurka ta amince da shi a 1998. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da aka gano suna zuba shi, shi da ɗan'uwansa tadalafil, a cikin zuma suna sayarwa da sunan kayan itatuwa. Maganin kansa ba mugu ba ne in likita ya rubuta da awo. Haɗarin shi ne ba ka san nawa aka zuba ba, kuma in ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas har a rasa rai.

Shekaru suna da nasu rabon. Wani babban bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka, aka fitar a 1994, ya samu kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni. Ka ga ba kai kaɗai ba ne, a layinku na kasuwa ma akwai su da yawa, kowa ya yi shiru ne. Amma 46 ba shekarun haƙura ba ne.

Ka je asibiti da safe kafin ka karya. A auna suga: in ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Akwai wani gwajin, HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance wata uku baya, shi daga 6.5 ne. A duba kitsen jini da ƙoda da bugun zuciya, in likita ya ga dama ya ƙara da testosteron, shi ma da safe ake ɗibar sa. Tunda a Kano kake, akwai asibitin mafitsara na Abubakar Imam, akwai kuma sashensu a asibitin Malam Aminu Kano, amma ko babban asibiti mafi kusa da kai ya isa a fara. Addu'a da azkar ka riƙe, ba sa hana gwaji.

Ɗan Kwari:

Malam Ma'aikacin Jinya, na karanta sau uku, jikina ya yi sanyi. Maganar siririn tiyo ɗin nan ta tuna min da mahaifinmu. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙaurace wa ɗakunan iyayenmu mata ya koma kwana a zaure, muka ɗauka tsufa ne da son ibada. Allah kaɗai ya san abin da yake ɓoyewa. Litinin in sha Allahu zan bar yaro a shago in tafi.

Tsohon Direba:

Yaya Ɗan Kwari, Allah ya ba ka lafiya. Ni tawa hanyar daban ce, zan faɗa saboda samarin da ke leƙowa nan.

Shekara 14 ina jan tirela Kano zuwa Legas. Tiramol na fara sha don in kori barci da ciwon baya, domin mai kaya ba ruwansa da ka yi barci ko ba ka yi ba, shi dai kaya su isa. Wanda likita ke rubutawa 50 ne ko 100, mu kuwa mai 225 muke saye a tasha, a jefa biyu a cikin shayi ko lemon ƙara kuzari. Da na yi aure sai abokai suka ce ai shi ne maganin saurin kawowa, kuma da fari haka ne, yana jinkirtawa. Wannan ne tarkon. Bayan kamar shekara biyu sai jinkiri ya koma rashin kawowa gaba ɗaya, daga nan ƙarfin ya ragu, daga ƙarshe sha'awar kanta ta mutu. Nan muka bambanta da kai, Yaya: kai ka ce zuciya na so, ni kuwa in dawo daga tafiyar kwana goma, matata ta yi wanka ta yi kwalliya ta turare ɗaki, in kalle ta kamar ina kallon bango. Shekarata 33 a lokacin.

Ina haɗawa da kodin har lokacin da gwamnati ta hana shi a 2018, sai na ƙara yawan ƙwayar. Abin da ya tsayar da ni, wata rana a Mokwa mun tsaya cin abinci, na faɗi ina shure-shure kamar mai farfaɗiya, na ciji harshena. Da a kan sitiyari ne da yanzu wani labarin ake yi. A asibiti likitan ya yi min bayani cewa tiramol da kodin 'yan gida ɗaya ne, kuma in an daɗe ana sha suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa 'ya'yan maraina su yi sinadarin mazantaka. Da aka auna nawa ya yi ƙasa sosai.

Barin sa ba wasa ba ne, zufa, gudawa, ciwon ƙashi, rashin barci. A hankali aka riƙa rage min, ba dare ɗaya ba. Sai da na yi wata bakwai kafin na farka wata asuba na ga alamar rai ya dawo, na zauna a bakin gado ina hawaye. Amma ko bayan nan na sha wata wahalar: tsoro. Da na kusanci iyalina sai zuciya ta ce yau ma zai kwanta, kuma da na tuna haka sai ya kwanta ɗin. Jiki ya warke, kai bai warke ba. Haƙurin matata ne ya fitar da ni, don ita ta ce mu daina ƙirga dare, mu riƙa hira kawai har abin ya zo da kansa.

Yanzu kayan gyaran mota nake sayarwa, 'ya'yana uku.

Maman Khalifa:

Ku yi haƙuri da shigowar mace cikin zancen maza, amma Alhaji, maganar zaman majalisa har sha biyun dare ce ta hana ni wucewa.

Maigidana ya yi irin wannan shekara huɗu da suka wuce, lokacin da kayansa suka salwanta a hanya, bashi ya hau kansa, masu kuɗi suna sallama tun da sassafe. Shi ba suga ba hawan jini, an auna komai lafiya. Damuwa ce zalla, domin da asuba lafiyarsa ƙalau, sai in an zo kwanciya ne abin ke gagara. Amma ni ban san haka ba, tunda bai faɗa min ba. Abin da na gani kawai mutum ya juya min baya. Na ce na tsufa, na ce haihuwa ta ɓata ni, na ce wata yake nema. Kuɗin adashena kaf na ƙarar a kayan mata, har ɗan kunnena na sayar. Na yi kuka a banɗaki ya fi a ƙirga don kada yara su ji. Wata takwas muna haka.

Ranar da ya zaunar da ni ya faɗa min gaskiya, yana magana yana kallon tabarma, wallahi wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina. Ban raina shi ba ko kaɗan, tausayinsa ne ya kama ni, da haushin watannin da muka ɓata.

Matanka ba rashin kwanciyar ne ya fi damun su ba, rashin sanin dalili ne. Yanzu kowacce tana zargin 'yar'uwarta a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma irin wannan zargin in ya yi tsawo har kan 'ya'ya yake sauka. Ka faɗa musu. Kuma in ma suga ɗin ne, tukunyarka a hannunsu take, ba za ka iya gyara cimarka a ɓoye ba.

Ɗan Kwari:

Jama'a, na dawo bayan mako uku, na ga ya zama haƙƙi in faɗa muku yadda aka yi.

Na je ranar Litinin ɗin ban karya ba. Suga 212. Aka ce in dawo a maimaita, aka samu 198, gwajin wata ukun kuma 9.1. Jini 164 bisa 98, duk da ƙwayoyin da na shekara uku ina sha. Kitsen jini ma ya hau. Ƙoda da bugun zuciya, alhamdu lillahi, likita ya ce babu abin tsoro a yanzu. Ya sa na cire takalmi ya riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn zare mai tauri, idona a rufe, ya ce in faɗa in na ji. A babban yatsan hagu sau biyu ya taɓa ban ji ba. Wannan ya fi lambobin duka girgiza ni.

Maganar da ta kai ni kuwa, sai da ya gama rubutu zan tashi sannan na iya buɗe baki. Yaro ne, bai fi sa'an ƙanena na uku ba, na ɗauka zan ji kunya, amma ko gezau bai yi ba, ya ce da ma tambayar da zai yi min ke nan. Ya ɗora ni a kan maganin suga mai suna metformin, ya canja mai sa fitsarin, ya tsara min yadda zan sauka daga atenolol a hankali zuwa wani. Na nuna masa ledar zumar da ta rage, ya ce in jefar. Ya ce in suga da jini suka daidaita, zai iya rubuta min maganin ƙarfin na asibiti da awon da ya dace da ni. Bai yi min alƙawarin komai zai dawo kamar da ba, ya ce jijiyar da suga ya riga ya taɓa ba lallai ta koma daidai ba, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Italiya a 2004 a kan maza 110 masu ƙiba, inda cikin waɗanda suka rage nauyi suka riƙa motsa jiki shekara biyu, kusan ɗaya cikin uku ƙarfinsu ya dawo ba tare da ƙwaya ba. Ya ce su ba masu suga ba ne, don haka kada in ɗauka alƙawari ne, amma hanyar ɗaya ce.

Hajiya Maman Khalifa, Allah ya saka miki da alheri. Na tara su biyun a falo bayan isha'i, yara sun kwanta, na ajiye takardun asibiti a gabansu na faɗi komai. Uwargida ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta juya ta kama hannun amarya ta ce ta yafe mata zargin da ta yi mata. Amarya ta fashe da kuka. Washegari da na zo shan shayi na tarar an ɗauke gwangwanin suga daga kan tire, ban san wacce ta ɗauke ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu lemon kwalba na bar shi, ruwa nake ajiyewa a shago. Tuwon dare an rage min shi zuwa rabin malmala, an ƙara ganye, zogale da rama da kuɓewa. Bayan sallar asuba ina zaga unguwa minti talatin, likita ya ce a samu aƙalla minti 150 a mako. Kwanakin farko ko layi biyu ban gamawa sai haki. Fitsarin dare ya dawo sau ɗaya ko biyu. Ƙarfin dai har yanzu bai dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na daina zaman majalisa, tara da rabi ina gida.

Ƙannena biyu maza na ce lallai su je a auna su, ɗaya ya je, ɗayan yana ta ja min rai, Juma'a da kaina zan ɗauke shi.

Sigari ce ta gagare ni. Na sauko daga takwas zuwa uku, amma ta bayan cin abincin rana da ta bayan la'asar sun ƙi barina, da na ji ƙamshin ta maƙwabcin shagona sai hannuna ya tafi aljihu. Malam Tsohon Direba, kai da ka bar abin da ya fi wannan wuya, yaya ka yi da irin waɗannan lokutan?

Tsohon Direba:

Yaya, ni wurin na fara canjawa kafin halin. Tashar da nake saye na daina bi ta gabanta ko da zagaye zai yi min nisa. Kai ma bayan shagon nan ka daina zuwa, in ka ci abinci ka tashi nan take ka yi alwala ka taka zuwa masallacin da ya fi nisa a kasuwar, ba na kusa ba. Ƙwaɗayin ba ya wuce 'yan mintuna, kafin ka dawo ya lafa. Ka ajiye asuwaki a aljihun da kwalin yake zama. Kuma ka gaya wa likitan naka ranar da za ka koma, akwai cingam da filasta na masu barin sigari, ya duba ko sun dace da jininka. Ka sa rana, ka faɗa wa uwargida ranar, ita za ta riƙe maka lissafi.